Haɗa tsohuwar Palm da Linux: abin da za a ɗauka da abin da za a bari

Duk wanda yake riƙe da tsohuwar na'urar Palm, wato 'yar ƙaramar kwamfutar aljihu mai riƙe adireshi da kalanda, kuma ya yanke shawarar barin Windows ya koma Linux, tambayar da take fara zuwa masa ita ce yadda zai ɗauko Palm Desktop ya girka shi a sabon wurin. A ganina wannan tambaya ce take ɓatar da mutane tun daga tushe, domin tana ɗaukar Palm Desktop a matsayin abu guda, alhali kuwa abubuwa uku ne aka haɗa a cikin faifai ɗaya. Akwai direba, wato ƙaramar manhajar da take sa kwamfuta ta gane abin da aka jona mata ta waya. Akwai HotSync Manager da mataimakansa, waɗanda suke magana da na'urar, suna kwatanta abin da yake nan da abin da yake can. Sannan akwai fuskar da mutum yake gani, mai kalanda da kundin adireshi da jerin ayyuka da 'yan rubuce-rubucen tunatarwa. Fuskar ce mutum ya saba da ita har yake kewarta, amma ita ce mafi sauƙin musanyawa, kuma direban da ba wanda yake tunawa da shi ne yake tsayar da aikin baki ɗaya.

Tun lokacin da Pilot 1000 ta fito a 1996, da ma'ajiyar da ba ta wuce kilobait 128 ba, Jeff Hawkins da abokan aikinsa sun tsara ta ne a matsayin 'yar rakiyar kwamfuta, ba mai zaman kanta ba. Shi ya sa aka yi mata mazauni mai maɓalli ɗaya tak, wanda da zarar an danna shi na'urar za ta yi ɗan kiɗanta, ta fara musayar bayanai da kwamfutar. Kamfanin ya fitar da manhajar tebur ta Windows da ta Mac, bai fitar da ta Linux ba. Daga baya ACCESS ya sayi PalmSource, mai babbar manhajar na'urar, a 2005, HP kuma ya sayi Palm a 2010, don haka babu wanda yake jiran sabon direba daga wannan ɓangaren. Abin da yake hannu a yau shi ne abin da masu sa kai suka gina da kansu, kuma ya fi yadda mutane suke zato inganci.

Hanyar da aka fi saurin gwadawa ita ce Wine, aikin da aka fara tun 1993 domin manhajojin Windows su yi aiki a kan Linux. Wine tafinta ne: manhaja ta faɗi buƙatarta da yaren Windows, shi kuma ya maimaita wa Linux da nasa yaren. Wannan yana iya isa a buɗe fuskar Palm Desktop a duba tsofaffin bayanai, amma direban USB na Palm ba a wannan matakin yake zaune ba, an rubuta shi ne domin ya shiga can cikin zuciyar Windows, wurin da Wine ba ya maye gurbinsa. Sakamakon shi ne manhajar ta buɗe lafiya lau, mutum ya danna maɓallin mazauni, na'urar ta yi ta jira har lokacinta ya ƙare ba tare da kowa ya amsa mata ba. Masu tsohon mazauni mai wayar siriyal, wato irin wayar da ake jonawa da ita kafin zuwan USB, suna da ɗan sauƙi, domin ana iya nuna wa Wine cewa COM1 ita ce /dev/ttyS0 ta hanyar jakar dosdevices, sai dai ko a nan ban ga dalilin wahalar ba tunda akwai kayan aikin da aka yi domin Linux kai tsaye.

Hanya ta biyu ita ce a girka Windows XP a cikin VirtualBox, manhajar da take ba da damar tafiyar da Windows a cikin Linux, a bar Palm Desktop a muhallin da ya saba. Wannan tana aiki, muddin an kula da abu ɗaya: dole a kafa matatar USB da za ta riƙa miƙa wa Windows ɗin na ciki duk na'urar da take ɗauke da lambar kamfani 0830, wadda ita ce ta Palm, ko 082d idan Handspring ce, ko 054c idan Sony Clié ce, wato na'urorin wasu kamfanoni masu aiki da babbar manhajar Palm. Ina ajiye wannan hanya ne domin abu ɗaya kawai, wato wasu manhajojin da aka saya daban waɗanda suke da nasu mataimakin HotSync da babu irinsa a Linux. In ban da haka, an gudu ne ba a tsira ba, domin bayanan mutum suna nan kulle a cikin babbar manhajar da Microsoft ya daina tallafa wa tun Afrilun 2014, kuma kalandar da take ciki ba ta magana da komai a kan teburin Linux ɗin da ake aiki da shi kullum.

Hanyar da na tsaya a kanta ita ce pilot-link tare da J-Pilot. Shi pilot-link tarin ƙananan umarnai ne da ɗakin karatun manhaja waɗanda suke jin ƙa'idar maganar da Palm take yi, wadda ake kira DLP, shi kuma J-Pilot, wanda Judd Montgomery ya rubuta, fuska ce mai kama da ta Palm Desktop da aka ɗora a kansa. An taɓa samun KPilot na KDE da gnome-pilot mai haɗawa da Evolution, amma an daina kula da su, kuma wasu rabe-raben Linux na yanzu sun cire pilot-link da J-Pilot ma daga rumbunansu, ta yadda sai mutum ya ɗauko tushen manhajar ya harhaɗa da kansa. Wannan ba abin tsoro ba ne, kuma ba a nan ake shan wahala ba.

Inda ake shan wahala shi ne wata ɗabi'a ta na'urar da ba a cika bayyana wa mutane ba. Palm da take zaune a mazauninta, wayarta a jone, ba ta nan a idon kwamfuta. Idan aka rubuta lsusb, umarnin da yake jero na'urorin USB da suke jone, ba za a gan ta ba, kuma wannan ba alamar lalacewar waya ba ce. Sai an danna maɓallin HotSync na jikin mazaunin take bayyana kanta a kan USB, ta jira na ɗan lokaci, idan ba a amsa ba ta janye ta ɓace. Hanya mafi kyau ta ganin wannan da ido ita ce a buɗe tagar umarni a rubuta dmesg -w, a bar ta a buɗe, sannan a danna maɓallin. Nan take layuka za su gangaro: an ga sabuwar na'ura, direban visor ya karɓe ta, an ba ta ƙofofi biyu, ttyUSB0 da ttyUSB1. Idan aka zuba ido ba a yi komai ba, bayan ɗan lokaci wasu layukan za su biyo baya suna cewa an cire su duka biyun, alhali ba wanda ya taɓa wayar. Wanda ya kalli wannan sau ɗaya ya fahimci rabin matsalolin da zai ci karo da su, domin zai san cewa saƙon da yake cewa babu /dev/ttyUSB1 gaskiya yake faɗa, ƙofar ba ta wanzu ba a daidai lokacin da aka neme ta.

Wannan direba na visor, wanda Greg Kroah-Hartman ya rubuta, ya samo sunansa daga Handspring Visor ta 1999, wadda ta zo da USB kafin Palm ta bi sahu da jerin m500 a 2001. Yana buɗe ƙofofi biyu, kuma a na'urori da yawa ta biyun ce ake daidaita bayanai ta cikinta, ko da yake akwai waɗanda suke amfani da ta farko, don haka idan ɗaya ta yi shiru sai a gwada ɗayar. Da wannan direba tsarin aikin shi ne a fara danna maɓalli, a ɗan dakata ƙofar ta bayyana, sannan a ba da umarni. Daga jerin 0.12 na pilot-link aka samu wata hanya ta libusb, mai magana da USB kai tsaye ba tare da visor ba, inda ake rubuta usb: a matsayin sunan ƙofa, kuma a nan tsarin ya juya: a fara ba da umarni ya zauna yana saurare, sannan a danna maɓalli. Na fi son wannan ta biyun saboda ta kawar da tseren da ake yi da agogo. Sharaɗinta shi ne a hana visor riga ta kama na'urar, ta hanyar rubuta blacklist visor a wani fayil a cikin /etc/modprobe.d, domin direbobi biyu ba sa riƙe na'ura ɗaya a lokaci guda.

Sai batun izini, wanda yake da saurin warwarewa idan an gane shi. A Debian da Ubuntu ƙofofin siriyal na rukunin dialout ne, a Arch kuma na uucp, kuma sai mutum ya sa kansa a rukunin ya fita ya sake shiga kafin canjin ya kama. Ga mai bin hanyar libusb, ana buƙatar ƙa'idar udev, wato sashen Linux mai kula da na'urorin da aka jona, da take ba da izini ga duk na'ura mai lambar 0830. Idan umarni ya yi aiki da sudo, wato da ikon root mai cikakken iko a kan kwamfutar, amma ya ƙi ba tare da shi ba, matsalar izini ce ba wani abu ba. Ba na ba da shawarar a ci gaba da amfani da sudo domin gudun gyaran, saboda fayilolin da za a sauke za su zama mallakin root, kuma J-Pilot zai kasa rubutu a cikinsu daga baya. Akwai kuma ModemManager, wanda yakan leƙa duk sabuwar ƙofar ttyUSB domin ya ga ko modem ce, kuma wannan leƙen yana iya dagula gaisuwar farko tsakanin Palm da kwamfuta. Dakatar da shi na ɗan lokaci yana nuna ko shi ne sanadin.

Masu tsofaffin na'urori irin su Palm III da Palm V, waɗanda mazauninsu na siriyal ne, ba su da matsalar ɓacewar ƙofa, ko da ta hanyar adaftar USB suka jona, domin adaftar ce kwamfuta take gani kuma ita ba ta ɓacewa. Abin da za su kula da shi shi ne gudu. Ana fara gaisawa ne a kan 9600, kuma idan ba a faɗa wa pilot-link ta hanyar PILOTRATE cewa ya hau zuwa 115200 ba, a nan zai tsaya. Bambancin ba ƙarami ba ne: kwashe megabait 8 na Palm Vx cikakkiya a kan 9600 zai ɗauki sama da awa 2 a lissafi, a kan 115200 kuwa kimanin minti 12 ne.

Da zarar an samu haɗi, abu na farko ba daidaitawa ba ne, kwafin ajiya ne. Umarnin pilot-xfer -p usb: -l zai jero duk abin da yake cikin na'urar ba tare da ya taɓa komai ba, sannan pilot-xfer -p usb: -b tare da sunan jaka zai kwashe su duka. A cikin jakar za a ga fayiloli masu ƙarewa da .prc, waɗanda su ne manhajoji, da masu ƙarewa da .pdb, waɗanda su ne bayanai, ciki har da guda huɗun da suka fi kome muhimmanci: AddressDB da DatebookDB da MemoDB da ToDoDB. Dalilin da ya sa nake matsawa a kan wannan shi ne, kafin Tungsten T5 da Treo 650 su zo a 2004 da ma'ajiyar da ba ta gogewa, Palm tana riƙe komai ne a ma'ajiyar da take rayuwa da wutar batir, kuma batirin da ya shekara ashirin yana iya mutuwa a tsakiyar aiki ya tafi da duk abin da yake ciki. Wannan jakar ta farko a kwafe ta wani wuri daban, kada a sake rubutu a kanta.

Daidaitawar farko ita ce wurin da ake asarar bayanai ko a ninka su, kuma fahimtar dalilin tana buƙatar a san yadda Palm take lissafinta. Kowane bayani guda, ko adireshi ne ko alƙawarin ganawa, yana da lambarsa ta musamman da wasu alamomi: an canza shi, an goge shi, an tura shi taskar tarihi, ko na sirri ne. Na'urar kuma tana riƙe da lambar kwamfutar ƙarshe da ta daidaita da ita. Idan kwamfutar da ta zo ita ce ta jiya, sai a yi daidaitawa mai sauri, a duba masu alamar canji kawai, a kammala a share alamomin. Idan wata ce daban, alamomin ba su da amfani a gare ta, tunda an riga an share su domin waccan, don haka sai an bi bayanan ɗaya bayan ɗaya ana kwatantawa. Ƙa'idar Palm kuma idan ta ga an canza abu ɗaya a ɓangarori biyu ita ce ta ajiye duka biyun, ta bar wa mai shi ya zaɓa. Wannan ƙa'ida mai hikima ce, amma ita ce take sa wanda yake kai-komo tsakanin Windows da Linux da na'ura ɗaya ya wayi gari da sunaye biyu-biyu a kundinsa.

Akwai wata hanyar ninka bayanai da ta fi wannan muni, kuma masu tsari ne suka fi faɗa mata. Mutum ya fitar da adireshinsa daga Palm Desktop a fayil ɗin CSV, ya shigar da su J-Pilot domin ya shirya komai tsaf, sannan ya jona na'urar da take ɗauke da adireshin nan duka. Waɗanda aka shigar daga CSV ba su da tsofaffin lambobinsu, saboda haka a idon manhajar sababbi ne, sai ta tura su na'urar, ta kuma ɗauko na na'urar ta kawo tebur. Abin da ya dace shi ne a yi HotSync na ƙarshe a kan Windows domin na'urar ta ɗauki komai, a bar J-Pilot fanko, a bar Palm ta cika shi da kanta. Abin da kawai ba ya cikin na'urar shi ne bayanan da aka tura taskar tarihi, waɗanda Palm Desktop yake ajiyewa a fayiloli irin su .aba na adireshi da .dba na kalanda, kuma waɗannan sai an buɗe su an fitar da su tun kafin a rufe Windows ɗin. Sunan mai amfani da lambarsa ma a kula da su: idan an taɓa share na'urar gaba ɗaya za su ɓace, sai an mayar da su da pilot-install-user, kuma a mayar da sunan daidai harafi da harafi, domin manhajoji da yawa da aka saya an ɗaure lambar rajistarsu da wannan sunan ne.

Wanda na'urarsa ta fito daga Tungsten E da Tungsten T3 na 2003 zuwa gaba yana da ƙarin abin lura. Daga nan Palm ta sauya manhajojin huɗu da sababbi masu nasu fayilolin, irin su ContactsDB-PAdd da CalendarDB-PDat, waɗanda suke ɗaukar ranar haihuwa da hoto da adireshi fiye da ɗaya, rubutun tunatarwa kuma ya tashi daga iyakar kilobait 4 zuwa 32. A cikin saitunan J-Pilot ana zaɓar tsofaffin fayiloli ko sababbi ga kowace manhaja, kuma idan aka bar shi a kan tsofaffi za a ga sunaye sun zo amma wasu gurabe sun zo fanko. Ba ɓata suka yi ba, ta ƙofar da ba su iya wucewa aka kira su.

Haruffa ma suna da nasu labarin. Palm ta ƙasashen yamma tana rubutu da tsarin da ya yi kusa da Windows-1252, mai gurbi 256 kacal, Linux kuwa UTF-8 yake amfani da shi. J-Pilot yana da saitin da yake juya ɗaya zuwa ɗayan, kuma idan ba a daidaita shi ba harafi irin é yakan rikiɗe ya koma Ã©. Wannan mai gyaruwa ne. Wanda ba ya gyaruwa shi ne harafin da babu shi sam a Windows-1252, kamar ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda za a iya rubutawa a tebur amma ba su da gurbin sauka a na'urar. Ni dai duk sunan da zai je Palm nakan rubuta shi da k' da d' da b', domin gara in zaɓi yadda zai bayyana da kaina da in bar wa manhaja ta sa mini alamar tambaya a tsakiyar sunan mutum.

Masu Mac da masu sabon Windows ba su tsira daga irin wannan ba. Palm Desktop na Mac an yi shi ne domin na'urori masu PowerPC, ya ci gaba da aiki a kan Intel ta hanyar Rosetta, tafintan da Apple ya yi wa tsofaffin manhajoji, har Mac OS X Lion ya cire Rosetta a 2011. A Windows mai bit 64 kuwa direban USB na asali ba ya shiga, sai wanda kamfanin Aceeca ya fitar daga baya. A dukkan waɗannan yanayi, na'urar da take da Wi-Fi, kamar Tungsten C ko Palm TX ta 2005, tana iya kauce wa direba gaba ɗaya ta daidaita ta hanyar sadarwa a kan ƙofa mai lamba 14238, kuma a Linux rubuta net:any a madadin usb: ya isa pilot-link ya saurare ta. Matsalar kawai ita ce Wi-Fi ɗin nasu tsohon 802.11b ne mai tsohon tsarin tsaro, wanda na'urorin rarraba intanet na yanzu da yawa ba sa karɓa sai an sassauta musu.

Akwai kuma iyakar da babu saitin da zai ɗaga ta. Palm tana ƙirga shekaru daga 1904, kuma gurbin da ta ware wa shekara bit 7 ne, wato shekara 128, don haka kalandarta tana tsayawa a ranar 31 ga Disamba 2031. Saboda wannan ne bayan kowane kwafin ajiya nake sa J-Pilot ya fitar da adireshi a tsarin vCard, kalanda kuma a tsarin iCalendar, waɗanda kusan kowace manhajar waya da ta tebur take karantawa. Adireshi yakan wuce ba tare da matsala ba. Kalanda ce take buƙatar a duba ta da ido, saboda tsohuwar Datebook ba ta san yankin lokaci ba, ƙarfe 9 a wurinta ƙarfe 9 ne ko'ina, kuma manhajar da ta karɓi fayil ɗin tana iya ɗora masa nata yankin ta matsar da alƙawarin. Alƙawura masu maimaituwa ne suka fi saurin karkacewa, musamman waɗanda aka cire wasu ranaku daga cikinsu, don haka bayan an shigar da fayil ɗin a sabuwar kalanda, a zaɓi taron mako-mako guda ɗaya da aka san an soke shi a wata rana, a je wannan ranar a duba ko ya dawo.